Ɗorawar Inna Yelwa

Madam Funmilayo, wadda 'yan Kasuwar Wunti suka fi sani da Maman Tunji, mace ce da ba ta iya ganin abu ta wuce ba ta tambaya ba. A Bauchi aka haife ta, a nan ta tsufa da sayar da atamfa, Hausa kuwa sai dai ta koya maka. Da ta ji gwiwa ta fara ƙorafi, sai ta tattara abin da Allah ya hore mata ta sayi fili a Gwallameji, don ta gina ɗakunan hayar ɗalibai, ta samu madogara ran da ta bar kasuwa.

Wajen takardu kam ba ta yi wasa ba. Lauyanta, Barista Sabitu, ya bi mata komai, daga sa hannun mai unguwa har awon ma'aikatar filaye, aka biya haraji, takardar mallaka ta fito. Aka fara katanga, aka jibge siminti. Matsala ɗaya ce: wata ƙatuwar ɗorawa da ta tsaya daidai inda birkila ya ce tushen gini zai bi.

To, ran nan da bazara ta je duba wurin, sai ta tarar an kaɗe 'ya'yan ɗorawar tas, har an share gindinta an tara ganye a gefe. Siminti kuwa ko buhu ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ikon Allah! Wane irin ɓarawo ne zai bar siminti ya ɗauki ɗorawa, kuma ya yi maka shara? Ba haushi ta ji ba, son sani ne ya hana ta sakat.

Maƙwabta suka ce mata ai ba ɓarawo ba ne, Inna Yelwa ce mai daddawa ta unguwar Ɗan Iya, itacenta ne. Haka suka faɗa hankali kwance, sai ka ce kowa ya sani. Maman Tunji ta buga wa lauya, shi kuma ya yi dariya ya ce a doka duk abin da ke kan fili na mai fili ne, ta sare abinta. Sai ta gaya wa masu injin yanka katako su je duk ran da suka samu sarari.

Amma fa tambayar ba ta bar ta ba. Ta yaya ƙasa za ta zama taka, itacen da ke kanta ya zama na wani? Ba ta daɗe ba ta hau keke-napep ta nufi Ɗan Iya. Ta samu tsohuwar a tsakar gida tana wanke kalwa, warin daddawa ya cika ko'ina. Bayan an gaisa an sha ruwa, Inna Yelwa ta ba ta labari ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Wurin gonar mahaifinsu ce, Malam Ɗanlarai, tun Gwallameji tana daji. Da ya rasu aka zo rabon gado, sai aka yi yadda aka saba a danginsu: maza suka ɗauki ƙasa, aka bar wa mata itatuwa. Ƙanenta Mansir shi ya sayar da filin, ita kuwa ba ta hana shi ba.

"Ƙasarsa ya sayar, 'yar nan," in ji ta. "Ai bai sayar da itacena ba."

Maman Tunji ta fita soro ta sake kiran lauya, ta kwashe duka ta gaya masa. Wannan karon babu dariya. Ya ce a shari'a 'ya mace tana da kasonta a cikin ƙasar kanta, itacen nan shi tsohuwar ta karɓa a madadinsa. Muddin yana tsaye, rabon yana tsaye. In ya faɗi, tana iya zuwa kotu ta nemi a sake rabon gadon, kuma takardar mallakar ma sai ta girgiza.

"Maman Tunji, ko reshe kada a taɓa," in ji shi.

Nan take ta tuna umarnin da ta riga ta bayar. Ta kira masu injin, waya na ta ringi ba a ɗauka. Ta kamo hannun tsohuwar suka faɗa keke, tana ta ce wa direba ya taka. Tun kafin su sha kwanar layin suka jiyo kukan injin. Da suka isa, ɗorawa tana kwance a ƙasa, an fara yanka ta gunduwa-gunduwa.

Inna Yelwa ba ta yi ihu ba. Ta je ta dafa kututturen, ta daɗe a tsaye. Maman Tunji kuwa tana ganin wahalar shekarunta na shirin tafiya a banza. Da ƙyar ta iya tambaya ko Inna za ta kai ta kotu.

"Kotu? In je in ce musu me?" Tsohuwar ta goge tafinta da gefen zane. "Ni dai duk bazara in na zo kaɗa, unguwar nan takan tuna Malam Ɗanlarai ya haifi mace. Shi ke nan abin da nake da shi a nan."

Maganar nan ta soki Maman Tunji, har hawaye ya zubo mata. Ita ma da aka haifa a garin nan, har gobe in ta shiga ofis sai an tambaye ta ina ne garinsu. Filin ya tsira, tsohuwa ta yafe, amma kunya ta hana ta jin daɗi.

Washegari ta sa lauya ya yanke wa Inna Yelwa fili daga kututturen zuwa bakin titi, a yi mata takarda da sunanta. Birkila ya yi ta mita wai an ci masa ɗakuna, ta ce ya ja gininsa baya. Barista Sabitu ya ja hankalinta cewa duk mai fili akwai harajin ƙasa a kansa kowace shekara, kada a ɗora wa tsohuwa nauyin da ba ta nema ba. Ta ce wannan ba komai, ita za ta riƙa biya.

Da aka kai wa Inna Yelwa takardar, ta sa aka karanta mata sunanta, ta ce a sake. Da aka zo batun haraji, Maman Tunji ta yi sauri ta ce kada Inna ta damu, ta ɗauke mata. Tsohuwar ta girgiza kai, ta fara kwance bakin zanenta.

"A'a, 'yar nan. Tunda nake ba a taɓa neman harajin ƙasa a hannuna ba, sai a wajen maza. Ki bar ni in biya abina."