Ɗigon Inna a Bango

Direba ya hau benen ofishin yaƙi da annoba yana gyara takunkumin fuskarsa, domin mutumin da ya saba faɗa masa inda zai nufa ya kwanta ciwo. Tun da annobar ta shigo, aikinsa kai tukwanen iskar numfashi asibitoci, amma bai taɓa wuce farfajiyar ofishin ba.

Yana tura ƙofa ya tsaya cak. Bangon ɗakin gaba ɗaya allo ne mai haske, ga taswirar yankin nan kwance a kansa: kogi, tasha, kasuwanni, unguwanni, har duwatsun da sai ya yi nisa yake hangowa. Shekara da shekaru yana bin hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ganinsu a tare ba.

"Shigo mana, Malam Direba, ba ya cizo," in ji wata mata siririya da idanunta suka yi ja don gajiya. Ita ce mai taswirar.

"Hajiya, waɗannan jajayen ɗigon fa?"

"Kowane ɗaya mutum ne da aka gwada aka samu yana da cutar. Bari ka gani tun daga farko."

Ta taɓa wani abu, bangon ya koma fari. Sai ɗigo ɗaya ya fito a tashar mota, wasu suka biyo, suka kama babban titi kamar ruwan da ya sami gangare, suka tsaya a kasuwa suka yi yawa, suka watsu cikin lunguna. Abin da kowa ke tsoro ba a ganinsa, yau ga shi yana tafiya a gabansa, yana shan kwana inda motoci ke shan kwana.

Ta nuna masa korayen zobba, ta ce asibitoci ne, zoben yana tsukewa idan iskarsu ta ja baya. Na gabas bai kai ƙwayar wake ba. Can zai kai kayan yau.

Shi kuwa idonsa na tsallaken kogi, inda aka haife shi. Wurin ya yi duhu, amma babu ɗigo ko ɗaya.

"Can lafiya ƙalau ke nan?"

"Ina fa. Ba a gwada kowa ba ne. Duhun yana nufin tsofaffi sun yi yawa, asibiti kuma ya yi nisa. In ta shiga can, sai dai Allah."

Ya tuna da Inna, mahaifiyarsa da ke can. Da safe ƙanwarsa ta kira shi, ta ce Inna tana tari da zazzaɓi, Innar kuma ta hana a faɗa wa kowa. Tun lokacin ya ƙudurta zai ratse da tukunya ɗaya ya kai mata.

A mararraba ya gangara gefen titi ya tsaya. Hagu gadar zuwa tsallaken kogi ce, dama hanyar gabas. Tukwanen suna ƙara a baya, shi kuma ƙaramin zoben nan ya ƙi barin idonsa. Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya karya dama.

A asibitin gabas, bai kashe mota ba ma'aikatan jinya suka fara sauke kaya. A baranda aka ɗaura wa wani dattijo iskar, Direba yana kallo ƙirjin da ke sama da ƙasa ya lafa a hankali. Ya koma gefe ya kira ƙanwarsa.

"Ki kira lambar masu gwaji yanzu. Ki faɗa musu komai."

"Yaya, za ta yi faɗa."

"Ta yi. Ki ce ni na sa ki."

Da yamma ya sake hawa benen. Zoben gabas ya buɗe. A tsallaken kogi, cikin duhun nan, ga ɗigo ɗaya ruwan ɗorawa.

"Wadda ake zargi ce, ba a tabbatar ba," in ji mai taswira. "Amma ta isa a tura motar gwaji da ma'aikaciyar jinya gobe. Duk garin za a duba."

"Mahaifiyata ce. Ni zan ja motar."

Ta dube shi da tausayi. "Kai da kake wuni a asibitoci? Kai ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya shiga ɗakinta."

Ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa. Ya matsa kusa da bangon, ya kira waya, aka miƙa wa Inna. Ta fara faɗa kan tonon asirin da aka yi mata, tari ya katse ta.

"Inna, ina ganinki fa," ya ce.

"A ina?"

"A bangon ofis. Ga ki nan, ke kaɗai a tsallaken kogi."

Yana jin numfashinta ta wayar. Can ta ce, "To, da ɗankwalina dai ko?"