Minti Goma Sha Ɗaya a Mararrabar Trsa

Tun daga nesa na gane baburinsa a gidan man da ke bakin garin Nikšić, ja, an wanke shi fes kamar na sayarwa. Shekara guda cif ban sa Obrad a ido ba, kuma ban yi kewarsa ba ko na minti ɗaya.

Mu tara ne ranar. Drago, jagoranmu, tsoho mai farin gashin baki, shi ya ɗaure allon baƙin dutsen a bayan baburinsa, an naɗe shi da bargo. A jikin allon akwai hoton yayana Vuksan, da ranar haihuwarsa da ranar mutuwarsa. Za mu kafa shi ne a bakin hanya, daidai inda ya faɗa.

"Kawu Drago, wa ya gayyaci wannan?" na tambaya, ban ko cire hular kwano ba.

"Kum ɗin yayanki ne, Zorka, aminin da ya zama ɗan'uwa. Shi ya riƙe ɗan Vuksan ranar baftisma. Zan kore shi ne?"

"In ba za ka iya ba ka matsa, ni zan iya."

Obrad ya matso yana murza safar hannunsa. Ya rame, na lura, kuma na ji daɗi.

"Ina kwana, 'yar'uwa."

"Ɗan'uwa ɗaya gare ni, yana ƙarƙashin ƙasa. Ka nemi 'yar'uwarka a gidanku."

Dokar tafiyarmu ba ta da wuya, ko jaki zai haddace ta. Jagora yana gaba, wutsiya yana baya sanye da falmaran rawaya mai ƙyalli. Duk mararrabar da aka iso, jagora zai nuna ƙasa da yatsa, wanda ke bin bayansa ya tsaya nan yana nuna wa saura hanya. Ba ya motsawa, ko sama za ta faɗo, sai wutsiya ya iso ya danna masa hon sau biyu. Sai ya shiga gaban wutsiya su tafi. Da wannan dokar muka yi shekara goma sha huɗu muna ratsa duwatsu ba mu taɓa ɓatar da ko safa ba.

Bara Vuksan ne wutsiya. Bayan ƙauyen Trsa wani makiyayi ya tare Drago ya ce ƙasa ta zaftare, ta cinye tsohuwar hanyar da muka saba bi. Drago ya karya hagu, ya ajiye Obrad a mararrabar. Vuksan bai sani ba, ya tsaya can baya yana gyara ɗaurin jakarsa. Ana ruwa, ga hazo. Can sai ga Obrad ya cim mana, ya ce Vuksan ya yi masa hon, yana nan tafe a baya. Saboda wannan maganar muka yini guda muna nemansa a sabuwar hanya. Sai kashegari aka same shi a ƙasan tsohuwar hanyar, cikin kwazazzabo. Likita ya ce bai mutu nan take ba, ya daɗe. Tun daga ranar ake ƙus-ƙus a gari cewa ai Vuksan ya sha barasar nan tamu ta rakiya ne da safe, shi ya sa ya sallami mai tsaron mararraba sannan ya bi hanyar banza. Har kunnen matarsa da ɗansa maganar ta kai.

Ni na san yayana. Abu ɗaya nake so a duniya: in ji Obrad ya faɗa da bakinsa cewa babu wani hon.

Na zaro falmaran ɗin daga jakata na saka. Wanda aka cire daga jikin Vuksan ne, kafaɗar hagu a yage, ban ɗinke ba.

Muka kama hanya. Masu zuwa daga ƙasashen waje suna tsayawa kowace kwana suna ɗaukar tafkin Piva hoto, suna buɗe baki. Ni ranar ban ga komai ba sai jan baburin da ke gabana. Muka wuce Plužine, muka shiga hanyoyin nan da aka huda cikin dutse, duhu, ruwa na ɗiga a kan hula, kwana a cikin ramin kansa. Muka riƙa hawa, tafkin yana ƙanƙancewa a ƙasa. Sau biyu juyi ya faɗo kan Obrad, sau biyu na same shi tsaye da hannu a miƙe kamar ɗan sanda. Na yi masa hon ɗin, amma sai da na kusa taka masa ƙafa.

A Trsa muka tsaya shan kofi a shagon wata tsohuwa. Hadari ya riga ya haɗu a kan duwatsun. Na ja Drago bayan shagon, wajen itacen girki.

"Ka sa shi a bayanka. Mararrabar can tasa ce."

"Juyinsa bai zo ba."

"Ka kawo juyin. Kuma in kun isa inda za a kafa allon ku jira ni. Kada wanda ya dawo nemana, komai daɗewa."

"Yarinya, ki ji tsoron Allah. Kin ga sama kuwa?"

"Na gani. Irinta ce ta bara, ko ba haka ba?"

"Wannan ba aikin wutsiya ba ne, mugunta ce."

"To kira ta duk abin da kake so, Kawu. Kai ka ajiye shi a can bara, kai ka yarda da maganarsa. Kai ma ba ka fita ba."

Da suka tashi na ga Drago ya yafito Obrad ya shigo bayansa. Na tayar da injina kamar kowa, na bari suka sha kwana, sannan na kashe na koma shagon.

Tsohuwar ta kalle ni, ta kalli falmaran. "Ke ba ke ce ta ƙarshe ba? Sun tafi fa."

"Na sani, Inna. Akwai tuwon masara?"

"Akwai, da cuku. Amma wani bawan Allah yana can yana jiranki a kan hanya, na san tsarinku."

"Shi ya sa zan ci a hankali."

Ta aje mini kwanon da ƙarfi har cokalin ya yi tsalle. Ruwa ya kece. Daga baya ya koma ƙanƙara, tana dukan rufin kwano kamar ana watsa tsakuwa. Na ci, na sha kofi biyu, na kalli agogon bango. Ba zan yi ƙarya ba, rabin zuciyata so take in je in tarar babu kowa, in kamo shi da hannu dumu-dumu a gaban mutane. Ɗaya rabin kuma so take in tarar da shi ya daskare. Babu rabin da ke tausayinsa. Awa biyu da kwata na yi a shagon. Da zan fita tsohuwar ta ce, "Allah ya shirye ki," da irin muryar da ake zagi da ita.

Daga Trsa zuwa mararrabar bai fi tafiyar minti shida ba. Fili ne fetal a kan dutse, babu bishiya, babu bukka, iska kawai. Sai da na zo dab sannan hazo ya buɗe na gan shi.

Yana nan. Ya kafe babur, yana tsaye gefensa, hannun dama a miƙe, hagu ya tallafe gwiwar hannun don kada ya faɗi. Ƙanƙara ta taru a kan kujerar baburin. Na dubi inda yake nunawa: tsohuwar hanyar da za a kafa allon a bakinta, wadda da ya tsare bakinta bara da yanzu yayana yana gida.

Na tsaya a gabansa, na ɗaga gilashin hula. Leɓunansa sun yi shuɗi.

"Kina lafiya?" Haƙoransa na haɗuwa. "Na zaci... na zaci kin faɗa. Na rasa yadda zan yi, in koma nemanki ko in tsaya."

"Ashe ka iya tsayuwa, kum."

"Zorka..."

"Tuwo na tsaya ci. Da cuku. Ya yi daɗi ƙwarai."

Ya kalle ni, na ga ya gane. Na jira ya zage ni, da ma na shirya masa amsa. Maimakon haka sai ya mai da idonsa kan yagaggiyar kafaɗar falmaran.

"Minti goma sha ɗaya," ya ce.

"Me?"

"Bara. Minti goma sha ɗaya na tsaya, ina kallon agogo. Ruwa ya shiga takalmina. Na ce ai Vuksan ne, ya san duwatsun nan fiye da kowa, zai ga sawun tayoyi. Sai na tafi. Da Drago ya tambaye ni, kunya ta kama ni na ce ya yi hon. Daga baya kuma na kasa janyewa."

"Kana kallonmu muna nemansa a hanyar da ba ita ba."

"Ina kallo."

Shekara guda ina jiran wannan maganar. Na zaci in na ji ta zan ji sanyi a raina. Babu wani sanyi, ƙiyayyar ce ma ta ƙara samun wurin zama. Babban yatsana yana kan hon. Na ɗauke shi, na sauke gilashin hula, na wuce shi na shiga tsohuwar hanyar. A madubi na ga bai sauke hannun ba.

Na sami sauran a inda kwalta ta ƙare ba sallama, sun takure jikin dutse. Ƙasa kuwa sai rami, da ƙarar ruwa can nesa.

"Ina Obrad?" in ji Drago.

"Yana bakin aikinsa."

Muka kwaɓa siminti da ruwan gora, muka kafa allon, muka tokare shi da duwatsu. Kyandir ya ƙi kamawa saboda iska sai da aka kare shi da hular kwano. Drago ya tsiyaya rakiya a ƙasa, kowa ya kurɓa ya ce Allah ya gafarta masa. Ni na sumbaci hoton, sanyin dutsen ya kama leɓena. A nan ne na yi kuka, kuma ban ɓoye ba.

Hanyar ba ta ɓullewa, dole muka juyo. Yana nan inda na bar shi. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce shi suka tsaya gaba kaɗan, don babu mai ikon sallamarsa sai ni. Na iso na kashe inji.

"Faɗa musu."

Ya faɗa. Bai rage komai ba, har takalmin. Wani daga cikinmu ya tofar da yawu. Drago ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya tsufa a gabana cikin minti ɗaya.

"Gobe za ka je ka faɗa wa matarsa da ɗansa," na ce. "Sannan ka bi shagunan shan kofi ɗaya bayan ɗaya, duk inda aka ce ya bugu."

"Zan je."

Na tuɓe falmaran na jefa masa a ƙirji. Hannuwansa sun ƙage, ya kasa cafewa, ya faɗi cikin taɓo.

"Ɗauka ka saka. Daga yau kai ne wutsiya. Ka ɗanɗana yadda mutum ke ji in ya tunkaro mararraba cikin hazo yana roƙon Allah ya tarar da wani."

Ya durƙusa ya ɗauka. Ban tsaya ganin ya saka ba. Na tayar da babur na shige gaba, kuma saboda fushi ban lura ba na manne a bayan Drago.

Muka hau sama, hazo ya ƙara kauri. Bayan kamar kilomita takwas hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Žabljak, ɗaya burji ce mai gangarawa bakin kwazazzabo. Drago ya rage gudu, ya waigo ya dube ni, ya nuna ƙasa da yatsa.

Na tsaya. Na miƙa hannu. Shida suka wuce ni, ƙarar injinansu ta ɓace, ya rage ni da iska. Na bar injina yana aiki, ƙafata tana kan giya. Na san hannuwan Obrad ba za su riƙe birki da kyau ba, na san zai daɗe kafin ma ya iya tayar da babur, kuma ni na jawo hakan. Ruwa ya fara shiga takalmina ta wajen ɗinki.

Na kalli agogon da ke kan babur. Minti biyar. Takwas. Babu fitila a cikin hazon.

Da minti goma sha ɗaya ya cika, na zage shi, na zagi kakansa, da ƙarfi, duwatsu suka maido mini. Sannan na kashe injin, na kafe babur, na tallafe gwiwar hannuna da hagu.