Da Aka Juya Kyamara Wajen Teku

Tun da mijina Cyril ya yi ritaya daga koyarwa ya rasa waɗanda zai riƙa yi wa gyara, sai ya buɗe wa garinmu shafi a intanet. Ya sa masa suna Muryar Dunnage Cove, ya naɗa kansa edita, ba wanda ya yi takara da shi. Ofishinsa shi ne ɗakin da ke saman kantina, inda nake ajiye kwalayen sabulu. Daga nan yake sanar da duniya cewa an ɗaga wasan kati na zauren coci zuwa Alhamis, kyanwar Effie Pardy ta ɓata, kyanwar Effie Pardy ta dawo, motar kwashe ƙanƙara ta sake tuge shingen wani. Duk Lahadi kuma yakan rubuta dogon sharhi a kan al'adun kakanninmu masunta, shi da ko a ɗaurarren kwale-kwale ya zauna sai cikinsa ya juya.

Sharhin nan ban san mai karanta shi ba in ban da ni, ni ma darajar aure ce. Abin da ke kawo mutane shafin shi ne kyamarar da ya maƙala a jikin tagar ofishinsa, tana kallon titi kullum. Babu wani abin a zo a gani: ƙofar kantina, kwandon shara, da ramin tsakiyar titi wanda ya girmi wasu jikokinmu. Amma rabin 'ya'yan garin nan suna lardin Alberta, can ɗaya ƙarshen ƙasar, suna aikin haƙar mai, kuma kafin su fita da safe sukan buɗe su ga ko an tashi da hazo a gida. Mu na gida kuwa da ita muke sanin motar wa ta daɗe a ƙofar wa.

Ba wanda ya kai Kawu Ambrose Hillier zagin kyamarar nan. Tsohon masunci ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma bakinsa bai tsufa ba. "Idon gulma," haka yake kiranta. "A da mutum zai fito ya tofar da yawu a garinsu ba tare da an gan shi a Alberta ba."

Duk da haka, kowace safiya sai ya gangaro daga gidansa ya tsaya a gefen kwandon shara, daidai tsakiyar hoton. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa da take ɗaure lafiya lau, ya sake ɗaurewa. Ya miƙe, ya cire hula, ya sosa kai, ya ɗaga ido wajen tagar kamar mai duban hadari. Sannan ya shigo ya sayi ashana, alhali ya daɗe da barin taba. Wata rana da takalmin roba ya zo, marar igiya. Ya sunkuya, ya rasa abin kwancewa, ya ɗan shafa takalmin ya miƙe.

Duk garin an san dalili, ba dai mai faɗa. Ɗansa ɗaya ne, Dermot. Shekarar da matar Kawu ta rasu, Dermot ya ce shi ma Alberta zai tafi, alhali uban ya gama yi wa kwale-kwalensa sabon fenti don ya miƙa masa. A bakin gaɓa, a gaban mutane, Kawu ya ce, "In ka tafi, kada ka kira ni." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dermot ya tafi, bai kuwa kira ba. Kawu ya jawo kwale-kwalen tudu ya kife shi, ciyawa ta tsiro ta kewaye shi. Ni da nake miƙa masa ashana na san abin da ke cin ransa: yana tsayuwar nan ne bai sani ba ko akwai mai kallonsa a can, ko iska kawai yake cire wa hula. Tausayinsa nake ji, ko da yake da na nuna masa da ya zage ni tas.

Mutum ɗaya ne bai taɓa lura ba, shi ne mai kyamarar. Cyril yana iya hango waƙafin da ya ɓata daga ƙarshen aji, amma abin da ke gaban hancinsa sai an buga masa a jarida.

Da sanyi ya fara ja da baya, manyan duwatsun ƙanƙara suka soma gangarowa ta teku kamar yadda suka saba, wani ƙato ya zo ya yi zamansa a bakin mashigar ruwanmu. A ranar Cyril ya sauko daga ofis yana murza hannu.

"Verna, na yanke shawara. Hukumar shafi za ta juya kyamara wajen teku."

"Wace hukuma? Kai da kwalayen sabulu?"

"Ki yi dariyarki. Garin da ke gaba da mu sun sa tasu tana kallon ruwa, masu yawon buɗe ido har rasa wurin ajiye mota suke. Mu me muke nuna wa duniya? Kwandon shara da tsoho yana ɗaura takalmi."

"To ranka ya daɗe, edita, wataƙila akwai masu son ganin tsohon."

"Wa? Shi da kansa ya tsani abin. Taimakonsa zan yi."

Na yi masa hannunka-mai-sanda iya yina, bai gane ba. Fitowa fili kuma ba zan iya ba, don na san mijina. Da na gaya masa da safe, kafin la'asar ya zama sharhi mai hoto a kan ƙaunar uba da ɗa a al'adar masunta, Kawu Ambrose kuwa ya gwammace ya faɗa teku da a karanta shi haka. Sai na ja bakina, Cyril ya hau da sukundireba ya juya abarsa.

Washegari Kawu ya gangaro, ya yi ɗaurin takalminsa, ya cire hula, ya shigo. Effie Pardy tana gaban teburin kanti tana zaɓen albasa, ita kuma magana ba ta kwana a cikinta.

"Kawu, ka huta! An juya idon gulma, yanzu kifi yake yi wa gulma."

Kawu ya tsaya da hannu a aljihu. Ya koma bakin ƙofa ya leƙa sama, ya dawo.

"Madalla," ya ce. "Dama an dame mu." Ya ɗan jima yana kallon ashanar da na ajiye masa, sannan ya ce, "Verna, nuna mini ɓarnar da mijinki ya yi."

Na buɗe shafin a wayata na miƙa masa. Ruwa ne shuɗi, ga dutsen ƙanƙarar fari fat a can baya, ga ƙarshen gadar katako da ake ɗaure jirage a gefe guda. Gaskiya hoton ya yi kyau. Kawu ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya daɗe yana dubawa kamar mai shirin sayen wurin. Ya mayar mini, ya fita bai ɗauki ashanar ba.

Kwanaki suka wuce bai gangaro ba. Na aika masa da miyar wake da soyayyen kwaɓin burodi, kwanon ya dawo a wanke, babu saƙo. Cyril kuwa yana ta murna, wai wasu mata daga lardin Ontario sun rubuto suna tambayar ɗakin haya. Ƙorafin 'yan Alberta da ke cewa a mayar musu da raminsu na titi, ya ce ai ci gaba dama ba ya rasa 'yan adawa. Ni dai raina ba daɗi, ko shayinsa sai na riƙa mantawa da sukari.

Ranar Asabar da safe ina jera gwangwanaye na ji ihu daga sama.

"Verna! Wani yana ɓata mini hoto!"

Na fito bakin ƙofa. Ga kwale-kwale a kan ruwa, fentinsa ya koɗe, har da guntun ciyawa a maƙale a gindinsa. Ga Kawu Ambrose a ciki yana tuƙi a hankali. Ya wuce ƙarshen gadar, ya ɗan waiwayo wajen tagarmu, ya gyara zuwa hagu, ya sake waiwayowa. Da ya kai daidai tsakanin kyamara da dutsen ƙanƙarar sai ya ajiye filafilai, ya sunkuya. Ko ban gani ba na san igiyar takalmi yake kwancewa.

Cyril ya sauko da gudu, tabarau a goshi. "Duk faɗin tekun nan bai ga wurin zama ba sai nan? Da gangan yake yi!"

"Yau dai ka canka daidai," na ce.

Dariya ta so ta kama ni, amma tsoro ya riga ta. Ruwan nan a wannan lokaci, in mutum ya faɗa, kafin a kai gare shi sanyi ya gama da shi. Dutsen ƙanƙara kuma ba a yarda da shi, yakan juye ba sallama ya tayar da igiyar ruwa. Ga iska ta fara kaɗawa, tsohon kuma daga shi sai rigar sanyi.

Wayar kanti ta yi ƙara. Na ɗauko ta na dawo bakin ƙofa, idona a kan ruwa.

"Anti Verna, wa ya bar shi ya shiga ruwa?"

Ba sallama, ba gaisuwa. Muryar ta yi kauri, amma ko a mafarki na ji ta zan gane.

"Dermot? Ashe kana da baki."

"Anti, don Allah bar wasa. Kwale-kwalen nan ya shekara nawa a kife? Ko rigar ceto bai sa ba! Kwana da kwanaki ban gan shi ba, na ɗauka ciwon ƙafar nan ne ya kwantar da shi, tun kaka yake ɗingisa ta hagu ba wanda ya kai shi asibiti. Yanzu kuma na buɗe na gan shi a tsakiyar teku. Duk garin ba mai hankali ne?"

"Mai hankalin ya tafi Alberta. Me zan ce masa?"

Ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa.

"Ki ce ya sa rigar. Tana ƙarƙashin kujerar baya, nan yake cusa ta."

Na tsallaka titi, na tsaya a kan gadar, na tattara duk muryar da nake kiran Cyril cin abinci da ita.

"Kawu Ambrose! Dermot ya ce ka sa rigar ceto!"

Tsohon ya ɗago. Kwale-kwalen yana ta lilo da shi, shi kuwa ko motsi.

"Wa?"

"Dermot! Ga shi a waya! Ya ce tana ƙarƙashin kujerar baya, kuma ƙafarka ta hagu tana bukatar likita!"

Ban ga fuskarsa sosai ba saboda nisa. Na dai ga ya cire hular, wannan karon bai sosa kai ba, ya riƙe ta a ƙirji. Da ya yi magana sai da muryar ta karye masa kafin ta iso.

"Ki ce masa ni na koya masa ruwa, ba shi ya koya mini ba!"

"Ya ce shi ya koya maka ruwa," na faɗa wa wayar.

"Na ji shi. Har nan ana jin sa."

Amma Kawu ya sunkuya ya laluba ƙarƙashin kujerar, ya jawo rigar. Ya juya ya fuskanci tagarmu sosai, ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan, ba gaggawa.

Na waiwaya neman Cyril, ya ɓace. Can na hango shi a tagar ofis yana taɓa kyamarar. Daga baya Effie ta ce a wayarta ta ga dutsen ƙanƙarar ya fice daga hoton gaba ɗaya, tsohon ya matso ya cika fuskar wayar, har ana ganin farin gemunsa. Mutumin da ya yi sati yana yi mini wa'azin masu yawon buɗe ido ke nan. A ranar na yafe masa sharhin Lahadi da yawa.

"Anti Verna," in ji Dermot. Ya ja hanci, ya yi tari irin na maza masu ɓoye kuka. "A baibai ya sa ta."

"In gaya masa?"

"A'a, bar shi." Sannan ya ce, "Lambar wayar gidan tana nan yadda take?"

"Wa zai canza ta? Ko ƙura bai bari ta hau wayar ba."

"To ki ce masa ya koma gida ya zauna kusa da ita."

Na faɗa da ƙarfi, har sau biyu saboda iska. Kawu ya mayar da hularsa, ya kama filafilai, ya juyo da kan kwale-kwalen. Tun ina yarinya nake kallon maza suna shigowa gaɓar nan, wasu da kifi, wasu hadari na bin su, amma ban taɓa ganin wanda ya tuƙo da sauri irin na tsohon nan ba, da rigarsa a baibai.