Tankar Mai a Goshin Shagon Alhaji Ɗalha

A Kalgo ba a tambayar inda shagon marigayi Alhaji Ɗalha yake. Ka dubi goshin gini kawai: inda ka ga tankar mai da jirgin sama da rediyo an fitar da su da laka an shafe da siminti, to ka iso. An gina shi zamanin da kuɗin mai suka zubo wa ƙasa, lokacin da kowane ɗan tireda yake ganin saura ƙiris ya sayi jirgi. Alhaji bai samu na saye ba, sai ya sa aka manna masa a bango. Ɗansa Tajuddeen ya gaji shagon da sabulu da ashanar ciki, ya kuma gaji jin kunyar tsufansa.

Ana cikin maganar za a faɗaɗa titi a kwashe layinsu kaf, sai Malama Rukayya, mai aikin adana tsofaffin gine-gine, ta bugo waya. Ta ga hoton shagon. In ita da abokan aikinta suka zo suka gani da idonsu, za a sa shi cikin kayan tarihi, katafila ta kauce masa.

Tajuddeen ya yi hamdala, ya fito ya dubi bangon. Fukafukin jirgi ya ɓantare, tanka duk tsaga. Manyan baƙi su tarar da wannan? A gidansu ko suruki ne zai leƙo sai an yi shafe an canza tabarma, balle wanda zai ceci shago.

Ya hau babur sai Gwandu, wurin Namadi magini, wanda ubansa ne ya yi zanen.

"Aikin Baba ne, Allah shi jiƙan shi," in ji Namadi, "amma wa ka son wanga yanzu? Tayil za mu sa mai, hwari tas."

Abin nema ya samu. Suka sassabe tanka da jirgi da rediyo, suka cike ramin bakin titi da ɓaraguzan don kada motar baƙi ta ji jiki. Aka ɗora sabon kwano shuɗi. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, har da masu hassada.

Ranar zuwan, Tajuddeen ya sha babbar riga, ya jera kujeru da lemo. Motar baƙi ta wuce shi, ta dawo, ta sake wucewa. Can Malama Rukayya ta sauke gilashi.

"Malam, don Allah ina tsohon shagon nan mai tankar mai?"

"Ga shi gabanki, ranki shi daɗe," ya ce yana washe baki. "Don ku munka gyara shi."

Ta daɗe tana kallon tayil ɗin, kamar mai gaisuwar mutuwa. Ta tambaya ko akwai abin da ya rage. Sai a lokacin Tajuddeen ya gane. Ya nuna mata ƙarƙashin tayar motarta.

Ba su sha lemon ba. Da masu titi suka zo da jan fenti, babbansu ya yaba wa Tajuddeen ƙwarai: a duk layin, babu bangon da alamar rusau ta fito a kansa raɗau kamar nasa.