Sarƙa Ba Ƙugiya

"Wagga ma ta yi gajarta," in ji Mushe Alphonse. Ya mayar wa Mukhtar mai tebur da sarƙar.

Ta bakwai ke nan. Ina zaune bisa moto, babur ɗina na haya, a bakin rumfar, injin a kashe, ƙafata sai kaɗawa take. Ranar kasuwa ce. Duk ƴan kabu-kabun Dogon Dutsi suna ta jigila, ni kuwa tun hantsi nake bin tsoho tebur-tebur. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, kuma shi ya koya mini karatu a lakwal, makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Ba yadda zan ce masa a'a.

Wani baƙin zare ne a hannunsa, an ƙulle bakinsa ya zama zobe. Duk sarƙar da aka miƙo, sai ya gwada ta da zaren.

"Mushe, wannan awon wuyan matarka Madam Henriette ne ko na bijimi?" in ji Mukhtar.

"Kai dai kawo mai tsawo."

"To ga ƴar yayi. Ba ta dushewa. Dubi ƙugiyarta, ƴar mitsitsiya, ko ganinta ba a yi."

"Ita ce ban so."

"Mi?"

"Ƙugiyar."

Tari ya kama shi, ya zauna a benci. Sati biyu da dawo da shi daga asibiti a Dosso. Rigarsa ta yi masa yawa.

"Mushe, mu tahi gida," na ce. "Wani sati mu dawo."

"Wani sati." Ya yi dariya har tarin ya komo. "Salman, shekara talatin yara na kirana Mushe, Mushe. Bari in gama wannan kafin in cika sunan."

Mukhtar bai sake tsokanarsa ba.

A ƙarshe siraran sarƙoƙin azurfa biyu ya zaɓa. Muka wuce bayan tasha, wurin Yaro maƙeri. Ya ce a cire ƙugiyoyin, a haɗe biyun su zama ɗaya.

"Sarƙa biyu lahiya lau za ka ɓata," in ji Yaro.

"Ɓata su."

Rana ta take. Na fita, na dawo, na duba taya, na sake fita. Da Yaro ya gama, tsohon ya zura sarƙar ta kansa ba tare da ya cire hula ba. Ta wuce. Ya cire, ya sake zurawa, sa'annan ya naɗe ta a takarda ya miƙo mini.

"Ajiye wurinka. In ta gan ta yanzu, za ta gane."

"Gane mi?"

"Tuƙa dai."

A hanya ya jingina goshinsa a bayana. Kamar ban ɗauko kowa ba.

Kwana tara takardar na cikin aljihuna. Ban iya zama wuri ɗaya ba. In na ji tarinsa ta katanga sai in tada moto in bi titi har bakin gari, ba fasinja, in juyo. Sau biyu na kai ƙofarsu da niyyar in ba matarsa, na fasa.

Ranar Laraba da la'asar tarin ya tsaya. Ni na yi jigilar kujerun benci daga egiliz, cocinsu, zuwa ƙofar gidan. Mutane suka cika layinmu, nasu da namu, aka kai shi makwancinsa. Ban fito da takardar ba. Ban ga inda sarƙa za ta shiga cikin wannan ba.

Ranar Lahadi da safe na leƙa in gaida Madam Henriette. Tana zaune a kujera a tsakar gida, ta yi shirin egiliz. Hannayenta biyu suna bayan wuyanta. Tsohuwar sarƙarta ce, mai ƙaramin gicciye, take ƙoƙarin ɗaurawa. Sanyin ƙashi ya daɗe da lanƙwashe mata yatsu. Sarƙar ta zame ta faɗi a cinyarta. Ta sake ɗauka, ta sake faɗuwa.

"Shekara goma sha ɗaya yatsun nan ba su kama ƙugiya ba," ta ce, ba ta dube ni ba. "Kowace Lahadi shi ke ɗaura mini. Yana mita, wai ina motsi da yawa."

Na fito da takardar.

"Inna, Mushe ya ce in ajiye miki."

Ta warware. Ta bi sarƙar da yatsa tana neman bakinta, ta zagayo, ta sake zagayowa. Sai ta tsaya.

"Ashe shi ya sa ya auna mini kai da zare, har da kallabi. Na ce mi kake yi, ya ce yana duba ko da sauran hankali a ciki."

Na ɗauko ƙaramin awartaki daga kayan moto, na buɗe zoben gicciyen, na mayar da shi kan sabuwar, na matse. Ƙararrawar egiliz ta fara bugawa.

Ta ɗaga sarƙar da tafukanta biyu ta zura ta kai. Ta wuce kallabin ba ta maƙale ba, gicciyen ya sauka a ƙirjinta. Duk da haka ta sunkuyar da kai, ta ɗaga gefen kallabin daga ƙeyarta, ta ɗan jira.