Ƙafafu a Ƙarƙashin Mota

Ni ba mai son karnuka ba ne, kada ma a ɗora mini. Amma Yaya ne da hannunsa ya kawo karyar nan garejinmu tana 'yar kwikwiya, lokacin da ɓarayi suka addabe mu da satar batir. Ya raɗa mata suna Baƙa, duk abin da ya ci sai ta ci. Da Allah ya buɗa masa ya sa ƙofar ƙarfe, ya ɗauki maigadi, shi ke nan ta zama ƙazanta. Ta koma bin bola, haƙarƙarinta duk a waje, amma kullum nan take dawowa ta kwana.

A ƙarƙashin wata matacciyar mota da ta shekara a lungun gareji ta haihu. 'Ya'yan ko ido ba su buɗe ba Yaya ya sayar da motar ga masu tsofaffin ƙarafa, sai ga motar ja ta shigo da rana tsaka. Tayoyin matacciyar motar duk sun sace, jan ta za a yi a ƙasa, ta bi ta kan abin da ke ƙarƙashi.

"Yaya, a ba ni lokaci in lallaɓa ta su fito, a bar musu bayan shago," na ce.

"Gidan karnuka na buɗe? Su mutu mana, an rage mugun iri."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ɗauki kwalin da nake kwanciya a kai in zan yi aiki, na shige ƙarƙashin motar, na bar ƙafafuna a waje. Baƙa ta yi gurnani a kunnena, wari kuwa ba a magana. Na yi lamo har ta shinshina ni ta ƙyale.

A sana'armu, muddin ana ganin ƙafar bakanike a ƙarƙashin mota, ba mai taɓa ta, ko da kuwa mai ita ne. Yaya ne ya koya mini wannan, da mari ma.

"Fito, kada ka mai da ni abin dariya."

"Aiki nake yi, Yaya."

"Wane aiki a motar da ba ta da inji?"

Direban motar ja, wani dattijo mai furfura, ya leƙo ya gan mu, ya kwance sarƙarsa.

"Maigida, ni ba na jan mota da mutum a ƙasa. In kun daidaita a kira ni."

Ina jin ƙarar motarsa har ta fita. Yaya ya daki tafin ƙafata da takalmi, ya ce in kwashe kayana, kada ya ƙara ganina a garejinsa. Uwa ɗaya ta haife mu, amma ban ba shi haƙuri ba, ba kuma zan ba shi ba.

Na zazzage sifanu daga akwatin aikina, na shimfiɗa tsumma, na riƙa sa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, uwar tana kallon hannuna. Na ɗauko akwatin, ta biyo ni tana ɗingishi.

A bakin ƙofa muka wuce Yaya, ya juya mana baya. Baƙa ta ja ta tsaya, ta matsa kusa da ƙafarsa tana kaɗa masa wutsiya. Ko kallonta bai yi ba. Na yafe masa korar, wannan ce ban yafe ba.