Ragon Ƙarfe na Gidan La Sagne

Dum. Shiru. Dum-dum. Sai wani dogon shiru, kamar abin ya tsaya yana tunani, sannan dum.

Daren farko ke nan da suka kwana a gidan La Sagne. Ƙarar daga can gangare take tasowa, ta bi bututu, ta hau bango, ta shiga har cikin matashin kai. Anselme Delbos, wanda gobe zai cika shekara tamanin, yana kwance a kan wani gado mai rufi da labule, idonsa biyu. Bai ji tsoro ba. Ya san wannan muryar tun kafin ya san sunansa. Abin da ya dame shi kawai ɗingishin da take yi ne, don a da ba haka take tafiya ba.

'Yarsa Maylis ce ta kama hayar gidan na mako guda saboda bikinsa. Gida ne na gani na faɗa. Ɗakin wanka bakwai gare shi, kowanne da 'yan sabulai naɗe a takarda kamar alewa. A baya akwai wurin ninkaya mai ruwan gishiri, alhali teku tana can nesa ba ta san ana yi ba. A falo kuma kan wata barewa ne manne a bango, tana duban duk wanda ya shigo kamar ta san laifinsa.

Ba haka kawai Maylis ta zaɓi gidan ba. Tun tana ƙarama akwai wani hoto a saman talabijin ɗinsu a Toulouse: yaro mai manyan kunnuwa tsaye a kan matakalar dutse, bayansa ƙatuwar ƙofa. Duk wanda ya tambaya, Anselme yakan ce, "Nan aka haife ni." Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai yarinyar ta girma da tunanin gidan kakanninta ne da ya suɓuce musu, shi kuma bai taɓa cewa haka ne ba, bai taɓa cewa ba haka ba ne. Shekara ta bi shekara, maganar ta yi nauyi, ya rasa ta inda zai ɗaga ta. Gaskiyar ita ce mahaifiyarsa Marthe wanki take yi wa masu gidan, mahaifinsa Léon kuma shi ne mai kula da dawakai. Hoton ma ranar da masu gidan suka tafi bakin teku aka ɗauke shi.

Ranar da suka iso, kafin ya ankara ƙafafunsa sun zagaya da shi ta bayan gida, akwati a hannu, sun ajiye shi a ƙofar kicin.

"Baba, ina za ka? Ga ƙofa nan!" in ji Maylis tana dariya.

"Gwiwa ce, 'yata. Matakalar nan ta yi mini yawa."

Matakala biyar ce kacal.

Da safe suka zauna karyawa a inuwar bishiya. Gaspard, mijin Maylis, likitan haƙori ne mai ƙaunar barcinsa, ya fito ido a kumbure.

"Baba, kun ji aljanin da ya kwana yana buga bango? A takardar gidan sun rubuta wai tsohon famfo ne, wai tarihi. Tarihi ya hana ni runtsawa. Yanzu zan kira masu kula da gidan su zo su kashe shi."

"Ba a kashe shi," in ji Anselme, da saurin da shi kansa bai shirya ba.

Maylis ta miƙa masa burodi da ta shafa wa zuma. "Baba, wai wanne ne ɗakinka da kana yaro? Jiya na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ta ƙoƙarin ganewa."

"An sauya komai," ya ce. Ya kurɓi kofi, ya ce zai ɗan miƙe ƙafa.

Hanyar marmaro tana nan yadda ya bar ta, sai dai ƙaya ta ƙaru. A ƙasan gangaren, cikin wata 'yar rumfar dutse, abin yake zaune: tulun ƙarfe baƙi, tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Rago mutanen ƙauyen ke kiransa, don aikinsa tunkuyi ne. Ba ya cin wuta, ba ya shan mai. Ruwan marmaro ne ke gangarowa cikin bututu a guje, wani murfi ya rufe masa hanya farat ɗaya, haushin haka ya sa wani sashensa ya hau tudu har gida. Anselme ya yi shekara arba'in yana aikin layin dogo, ya ga injuna manya manya, amma bai taɓa ganin abin da ya ba shi mamaki kamar ruwa ya ɗauki kansa da kansa ba.

Ya tarar da wata tsohuwa a wurin, ta ɗaure kai da ƙyalle, tana jibgar ragon da sanda.

"In kika ci gaba da dukansa, mutuwa zai yi gaba ɗaya," ya ce.

Ta juyo a fusace. "Kai kuma wane ne da za ka koya mini... Tsaya. Kunnuwan nan! Anselme ɗan Marthe mai wanki! Ashe kana da rai? An ce mini jirgin ƙasa ya haɗiye ka."

Honorine Cazals ce, wadda gonarta ke manne da shingen gidan. Benci ɗaya suka zauna a makarantar ƙauye. Tun zamanin kakanni akwai wani siririn bututu da ke ratsewa daga ragon zuwa lambunta.

"Jirgin ya gwada, na tsaya masa a wuya," in ji Anselme. "Ke kuma har yanzu bakinki bai tsufa ba."

"Haƙoran ne suka tafi, harshen yana nan. Me ya kawo ka? Aikin lambu suka ɗauke ka?"

"Baƙo ne ni. A ɗakin maigida na kwana."

Honorine ta jingina da sandarta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "A gadon maigida! Da Marthe ta ga wannan, da ta sa ka wanke zanin gadon kafin ka hau. To ya barci?"

"Ban yi ba. Honorine, rufa mini asiri. 'Yata ce ta kama gidan. Ba ta sani ba. Tana zaton..."

"Tana zaton me? Kai ne ɗan Madam, matar maigida? Da waɗannan kunnuwan?" Ta share ido da bakin ƙyalle. "Ni dai ba ruwana. In ba a tambaye ni ba, ba zan faɗa ba. In aka tambaye ni, ka san halina. Yanzu ka duba mini dabbar nan, wakena yana mutuwa da ƙishi."

Ya durƙusa, ya kara kunne a jikin ƙarfen. Sannan ya miƙa hannu bayan wani dutse da ke girgiɗi a bangon rumfar. Sifana tana nan, inda mahaifinsa ke ɓoye ta.

"Mijina ya yi ta aiki da ita har ya rasu bara waccan," in ji Honorine. "Tun daga nan sanda ce magani."

Ya tare ruwan daga sama, ya kwance murfin. Fatar da ke ƙarƙashinsa ta cinye, ta zama kamar busasshen ganye. Mahaifinsa daga tsohon linzami yake yanko sabuwa. Anselme ya duba hagu, ya duba dama, sai idonsa ya sauka a kan takalminsa, sabo fil, wanda Maylis ta saya masa na biki. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta aljihu, ya yanke harshen na dama.

Yana cikin zagaye fatar da wuƙa ya ji takun mutum a bayansa.

"Baba! Ka bar hularka, rana kuma ta fara zafi. Wayyo, wandonka! Me ya sami takalminka?" Maylis ta tsaya, hula a hannu. Ta gaida tsohuwar, sannan ta koma kallon hannuwan mahaifinta, yadda suke aiki ba tare da sun nemi shawarar idonsa ba. "Gaspard ya kira su, da rana za su turo mai rufewa."

"Ki ce ya fasa."

Ya ɗaure murfin, ya saki ruwan, ya danna da babban yatsa sau uku. Ragon ya yi tari, ya tofar, sannan ya kama: dum, dum, dum, daidai wa daida kamar zuciyar mai lafiya.

"Ina ka koyi wannan?" in ji Maylis. Ta juya ga Honorine. "Mama, kin san shi ne tun da?"

Honorine ta ɗaga kai tana nazarin wani gajimare, leɓenta na rawa. Anselme ya ga cewa in ya ƙara numfashi biyu, daga bakin wani za a ji. Ya goge hannu a wando, ya zauna a bakin rumfar.

"Aikin kakanki ne, 'yata. Shi da dawakai. Kakarki kuma wanki. Matakalar nan ta cikin hoto, ita ke goge ta duk Asabar a durƙushe. A gidan nan aka haife ni, wannan gaskiya ne, amma a saman barga. Ban taɓa shiga ta babbar ƙofa ba, ko sau ɗaya."

Maylis ta juya hular a hannunta, ta sake juyawa. Shi kuwa ya zuba wa takalminsa mara harshe ido.

"Na gaya wa duk 'yan ajinmu kakana yana da dawakai," ta ce a hankali.

"Yana da su mana!" in ji Honorine. "Shi suka sani, shi suke bi. Maigida in ya matso sai su juya masa baya."

"Me ya hana ka faɗa mini, Baba?"

"Ranar da kika fara tambaya shekararki shida. Kika dubi hoton, kika dube ni, idonki ya yi wani haske. Na ce bari sai gobe."

Ta zauna kusa da shi a kan dutsen, ba ta damu da laka ba. Can sai ta ɗago. "Tsaya. Saman barga ka ce? Ɗakin nan mai katakon rufi a bayyane, mai baho a tsakiya?"

"Ban san da baho ba."

"Baba, nan muka kwana ni da Gaspard! Duk ɗakunan gidan shi na zaɓa, na ce ya fi kowanne daɗi." Dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye da ita. "Na kai ka gadon wani, ni na kwana a naka!"

"Akwai 'yar taga mai kallon gabas?"

"Tana nan."

"To a ƙarƙashinta aka haife ni. Da sanyi, zafin jikin dawakai ne ke tasowa ta tsagin katako ya ɗumama mu. Masu babban gida da bargo uku uku suke kwana, suna makyarkyata."

Suka hau tudun tare, tana riƙe da gwiwar hannunsa. A tsakar fili akwai kwamin dutse mai kifin ƙarfe, wanda tun jiya yawu kawai yake zubarwa. Yanzu yana tofa ruwa sama da tsayin mutum. Gaspard na tsaye yana kallo, waya a hannu, ya ce in dai bugun ya daidaita haka, zai iya barci da shi.

A gindin matakalar Maylis ta saki hannun mahaifinta. "Ya gwiwar?"

"Da sauƙi."

Ya ɗaga hannu zai cire hula, sai ya bar ta a inda take. Ya hau, ɗaya bayan ɗaya, yana barin sawun laka a kan kowane dutse. A ta uku ya tsaya ya dubi sawun, ya ce a ransa, yi haƙuri, Inna. Sannan ya tura ƙofar. Ba ta da nauyin da ya yi shekara da shekaru yana zato. Barewar bango ta dube shi, shi ma ya dube ta.

Da yamma Maylis ta ce a ajiye abincin da aka yi oda daga gari sai gobe. Ta sa shi ya zauna a kicin ya koya mata miyar tafarnuwa da ƙwai irin ta kakarta, wadda ake zubawa a kan busasshen burodi. Aka tura Gaspard ya gayyato maƙwabciya.

Rana na dab da faɗuwa Honorine ta iso cikin rigarta ta zuwa coci, ɗauke da faranti rufe da ƙyalle. Ta tsaya a tsakar fili kusa da kifin. A hagu ƙofar kicin a buɗe take, ƙanshin tafarnuwa na fitowa, Maylis na ɗaga mata ludayi. A gaba kuma babbar ƙofa ce a wangale, Anselme tsaye a bakinta da hularsa da takalminsa mara harshe. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta gyara riƙon farantin.

"To, ni kuma ta wace ƙofa zan shiga?"

Can gangare ragon yana ta bugunsa.